Jelar da Na Ja a Bayan Gidan Kwano

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina na sauka daga motar ɗalibai a bakin jami'ar da ke Gidan Kwano, la'asar ta yi sakaliya, rediyo rataye a ƙirjina, batir a jakar baya. Ba wani babban aiki ne ya kai ni ba. Sabuwar eriya na haɗa da hannuna, ina so in ji ko muryata za ta kai unguwarmu Sauka Kahuta daga cikin gonakin doyar nan alhali ina tafe a ƙasa.

Sunana Kamalu, gyaran rediyo da talabijin ne sana'ata. Amma abin da ya ci mini rai a lokacin ba shi ne yake ba ni abinci ba. Akwai mu a ƙasar nan, ba mu da yawa, masu lasisin magana ta rediyo don sha'awa kawai. Ka kunna na'ura, ka yi kira, wani ya amsa maka daga Kaduna ko daga wata ƙasar da ko tutarta ba ka sani ba, ku gaisa, ku faɗa wa juna yadda murya take fita, shi ke nan. 'Yan unguwarmu oba-oba suke ce wa abin, wasu ma har rantsuwa suke yi wai ni ɗan leƙen asiri ne. Matata Basira kuwa cewa take yi mutumin da bai gama gaisawa da maƙwabtansa ba ne yake neman gaisuwa a Italiya.

Baba Irimiya ne ya koya mini. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu, kuma shekara talatin ya yi a sashen sadarwa na jirgin ƙasa kafin ya ajiye aiki. Babbar na'ura tana falonsa, eriyarta ɗaure a kan mangwaron tsakar gida. Ran Lahadi yana coci, ran Juma'a ina masallaci, sai muka tsayar da Asabar ranar gwaji. Dokokinsa biyu ne, ya maimaita mini su har na gaji. Ta farko, in aka kira ka to ka amsa, ka faɗi sunanka, don ba ka san wanda yake cikin matsala ba. Ta biyu a kan jela take.

Wanda duk zai yi magana da irin wannan rediyo yana tafe, dole ya ja wata wayar tagulla a ƙasa a bayansa, tsawonta taku goma sha biyu. Idan babu ita murya ba ta yin nisa. Mu jela muke ce mata. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, duk lokacin da ka danna maɓalli wuta tana taruwa a can bakin jelar. Ba irin wutar gida ba ce mai fizgar mutum ta yar. Wannan shiru take ci, ta huda fata ta shiga ciki, sai ka ji ƙauri kafin ka ji zafi. Baba Irimiya yana da farin tabo a babban yatsansa, shi yake nuna mini yana cewa in naɗe bakin jela da tef kullum kafin in fita.

Ran nan da na warware tawa a bakin titi, na ga tef ɗin ya cinye saboda ja a ƙasa, tagulla tsirara tana ƙyalli. Na gani da idona, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na laluba aljihu babu tef, na ce to wa zai taka, akwai kowa a dajin ne? Wayar hannu ma a gida na bar ta, da gangan. Girman kai ne irin namu: ranar gwaji ba ka ɗaukar salula, don ka nuna wa duniya cewa kai ba ka dogara da kamfanin kowa ba.

Na bi wata 'yar hanya da ta ratsa bayan jami'a ta shiga gonaki. Eriyata sandar kamun kifi ce na zura wa waya, tana tsaye daga jakar baya, ta ninka tsawona, tana lilo tana dukan ganye. Jela tana bina a baya, sharr, sharr, a kan tsakuwa. Iska tana kawo ƙanshin ɗanyar ciyawa da hayaƙin girki daga wata ruga da ban hango ba. Duk bayan ɗan lokaci sai in kira Baba, ya ce yana jina tangaran, in ƙara gaba. A kira na uku ne ya gaya mini cewa 'yata Yasmin ta tsallako gidansa tana zaune a cinyarsa, ta ƙi cin abinci wai sai ta ji Abbanta a cikin akwati. Shekararta biyar a lokacin. Ita kaɗai Allah ya ba mu, bayan mun yi shekara bakwai muna jira.

Kunyoyin doya suka ƙare, na shiga tsakanin dawa da ta fi ni tsawo. Rana ta faɗi ban lura ba. Hanyar ta gangara cikin wata ƙorama da ruwanta ya janye, sai yashi fari, har lokacin yana riƙe da ɗumin rana, ina jinsa ta takalmina. A nan murya ta dushe. Baba ya ce ya daina jina sosai, in ƙara wuta in sake saita eriya.

Can nesa na jiyo an ɗaga kiran sallar magariba.

Tun muna yara aka hana mu yawo a irin wannan lokaci, aka ce ko ruwan zafi za ka zubar ka yi bisimilla, akwai masu wucewa da ba ka gani. Na sani sarai. Amma na ce bari in ƙarasa gwaji ɗaya tukuna, in haura in yi salla a tudu. Na murɗa wuta har ƙarshe. Akwai wani maɓallin saiti da yake sakin ƙarfin na'ura gaba ɗaya ba tare da ka yi magana ba. Na danne shi da yatsa, idona a kan allurar da ke nuna saitin na'urar, na ci gaba da takawa a cikin yashin.

Jela ta riƙe.

Na ji wani ɗan kuka a bayana, siriri, gajere, kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Na ji shi da kunnena. Amma allurar ta kusa zuwa inda nake so, kuma ni mutum ne mai zuciya a kusa, kowa ya san ni da wannan. Ban waiga ba. Ban saki maɓallin ba. Na sa ƙarfi na fizga, ta ƙi zuwa, na sake fizga, kukan ya ƙaru. Sai na ɗura wa uwar abin da ya riƙe mini waya ashar, irin wanda ba zan maimaita a nan ba.

Jela ta saki.

Gyare suka yi shiru. Kwaɗi suka yi shiru. Kiran sallar ma ban ji ƙarshensa ba.

Sai ƙauri, irin na babbakar kan akuya.

Rediyo kullum yana da wannan ƙara ta shuuu ko da babu mai magana. Ita ma ta ɗauke, kamar an rufe ƙofa. A cikin shirun nan muryar mace ta fito daga sifika a ƙirjina, ƙasa-ƙasa, a natse, babu ƙura ko kaɗan a cikinta.

"Wa yake ja?"

Hannu ya riga hankali. Shekara shida ina amsa kira, ban ma yi tunani ba na ɗaga makirufo na danna, na faɗi lambar kirana, na ce Kamalu ne, ina tafe a ƙasa a bayan Gidan Kwano, wa ke magana?

"Kamalu," in ji ta, a hankali, kamar mai adana abu. "Ɗana yana kwance a yashi yana shan ɗumi. Ka ƙona masa ƙafa. Ya yi kuka, ka ƙara ja. Sannan ka zage ni."

Kafin in samu abin cewa muryar Baba Irimiya ta shigo, da ƙurarta da komai, yana tambaya da wa nake magana, shi ba ya jin kowa sai ni. Ya yi 'yar dariya ya ce ga mutuniyata Yasmin nan ta matsa masa, bari ya ba ta. Na ji ƙarar makirufo yana sauya hannu, na ji numfashinta a kusa da shi.

"Abba! Abba, ka ce oba."

Sai muryar matar ta dawo.

"Taka ce?" in ji ta.

Jelar ta yi nauyi a bayana, nauyin da ya ja jakar har igiyoyinta suka nutse mini a kafaɗa. Na waiga.

Tana zaune a kan yashi, taku goma sha biyu daga inda nake, daidai bakin jelar. Duhu bai gama sauka ba, na gan ta. A zaune take amma kanta ya kai tsawon dawar. Ƙafafunta a miƙe sun ƙetare ƙoramar sun shige cikin gonar da ke ɗaya gefen. Fuskarta ban iya riƙe ta a ido ba, duk inda na duba sai idona ya zame. A cinyarta akwai yaro, ƙarami, tsirara, yana shessheƙa. Wani siririn layi ya zagaye masa ƙwauri, yana fitar da hayaƙi. Bakin wayata yana naɗe a yatsanta.

Na fara Ayatul Kursiyyu, ina cin wasu kalmomi. Ban kai rabi ba na ji ta kama tare da ni ta cikin sifika. Inda na yi tuntuɓe ta gyara mini. Muka kai ƙarshe tare, karatunta ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

"Ni ma ina salla, ɗan Adam," ta ce. "Ba zalunci na zo yi ba. Haƙƙi na zo karɓa."

Da muguwa ce da na san abin da zan karanta. Amma me za ka karanta wa wanda kai ne ka zalunce shi?

Na ba ta haƙuri. Na rantse mata ban gan shi ba, na ce baiwar Allah, idonmu ba ya ganinku, tsautsayi ne. Ta bar ni na gama, sannan ta ce gani dai ban gani ba, amma ai na ji. Kuma gaskiya ta faɗa.

"Ƙafa da ƙafa," ta ce. "Ɗa da ɗa. Ban san hanyar gidanka ba, amma muryarka ta sani. Na ga yadda take tashi ta sandan nan ta tafi. Yanzu ina riƙe da wayarka. Danna, ka amsa mata."

Na murɗa na kashe rediyon. Ya yi ƙas, fitilarsa ta mutu. Muryoyin ba su mutu ba. Baba yana ta kiran lambata, dariyar ta bar muryarsa. Yasmin tana tambayarsa me ya sa Abba ya yi shiru, ko ya yi fushi da ita ne.

Na dubi hanyar da na fito.

"Ka gudu ma duk ɗaya ne," in ji matar. "Gida za ka kai ni da ƙafarka."

Daga inda take zaune ba ta motsa ba. Hannunta ne ya taho. Na ga yana bin jelar a kan yashi, yana ƙara tsawo, sharr, sharr, irin ƙarar da wayar take yi in ina tafe. Ya hau jakar. Ya zagayo ta kafaɗata. Yatsu masu sanyi suka rufe hannuna na dama a kan makirufo, fitilar rediyon ta sake kamawa da kanta.

Babban yatsana ya fara sauka.

Na yi ƙoƙarin ɗaga shi. Kamar in ɗaga mota.

"Abba, ka yi magana mana."

Hannun hagu ne kawai ya rage mini. Igiyar da take kai murya daga rediyo zuwa eriya a nan ƙirjina take ɗaure, da wani murfi mai zare. Murɗawa biyar yake buƙata. Ni na haɗa shi, na san shi a makance.

Ɗaya. Gumi ya sa yatsuna suna zamewa.

Biyu. Uku.

Na ji maɓallin ya fara shiga.

Huɗu.

Igiyar ta faɗi daidai lokacin da maɓallin ya yi ƙas. Muryar Yasmin ta yanke a tsakiyar kalma. Na datse leɓɓana, ko numfashi ban bari ya fita ba, na fizge wayar makirufon daga jikin na'urar na yi jifa da shi cikin dawa.

Yatsun nan suka bar hannuna suka koma wuyana. Ba ta shaƙe ni ba, ta dai ajiye su a wurin.

"Wayo," ta ce. Yanzu ba ta sifika take magana ba, a kunnena take. "To tashi mu je."

Na zauna daɓas a kan yashin. Na ce ba inda za ni. Ni na ja, ni na yi zagi, yarinyar nan ba ta san komai ba. Ta ce nata ma bai san komai ba. Na ce to ga ƙafa nan kusa, me zai sa ta yi tafiya har Sauka Kahuta neman wata? Na naɗe wandona na hagu har gwiwa, na kwance jelar daga jikin jakar, na roƙe ta ta sakar mini bakinta.

Ban san abin da ya sa ta saki ba. Wataƙila so take ta ga iyakar ƙaryar ɗan Adam.

Na jawo wayar, na naɗe ta a ƙwaurina zagaye bayan zagaye, na kafa bakin tagullar a cikin nama. Ɗaya bakin na cusa shi a ramin da eriya take shiga. Wayar da aka dunƙule a jikin mutum ba ta kai komai ko'ina, na san wannan, duk ƙarfin a ƙafata zai tsaya. Na cire hulata na cusa a baki. A ƙa'ida, 'yar na'ura irin tawa tabo kamar na sigari za ta bari. Da wannan na ƙarfafa zuciyata.

"Ba kai za ka ce ya isa ba," in ji ta. "Sai nawa ya daina kuka."

Na ce bisimilla, wadda ban ce ɗazu ba. Na danna maɓallin saiti.

Ba wutar na'urata ba ce ta zo.

Na ji ta huda fata. Na ji ta sami ƙashi. Ta bi cikinsa tana hawa a hankali, ba ta sauri.

Ƙaurin ya cika mini hanci, kuma wannan karon nawa ne.

Yaron yana shessheƙa.

Na ciji hula har haƙorina ɗaya ya karye. Yatsana yana so ya saki. Na ɗora ɗaya hannun a kansa na danne.

Yana shessheƙa.

Idona ya fara rufewa. Na tuna ƙafafun Yasmin, yadda take sa takalmina tana jan su a tsakar gida, na ƙara dannawa.

Shessheƙar ta ragu. Ta koma ajiyar zuciya. Sai na ga yaron ya ɗago kai daga cinyar uwarsa yana kallona, kallon da yaro yake yi wa abin da bai taɓa gani ba. Ya sa yatsa a baki. Ya yi shiru.

"Saki," ta ce.

Na faɗi rigingine. Taurari sun fito. Daga gwiwa zuwa ƙasa ba na jin komai, kuma ban yarda na duba ba. Cikin raina na ce alhamdulillahi, an gama.

Inuwarta ta rufe taurarin.

"Ƙafarka ta biya ƙafarsa," ta ce. "Amma kai ka zaɓa, shi bai zaɓa ba. Kuma zagin yana nan, ban yafe ba." Na ji sanyin yatsa ɗaya a maƙogwarona. "A nan zan zauna. Ka yi magana da wanda yake gabanka, ba ruwana. Ranar da ka sa muryar nan a cikin na'ura don ta yi nisa, kowace iri ce, zan hau ta, kuma wurin 'yarka zan sauka, ko ina take. Mu ba ma gaggawa."

Ta gyara wa yaron kwanciya a kafaɗarta.

"Yanzu ka tashi, kafin ubansa ya dawo daga salla. Shi ba ya tsayawa magana."

Can cikin dawa, ta gabas, na ji kara yana karyewa. Ƙas. Ƙas. Ba sauri, amma kowane taku ƙasa tana amsawa a ƙarƙashin bayana.

Na zame igiyoyin jakar, na cire rediyon daga wuyana, na warware wayar tare da fatar da ta manne mata. Na ja jiki da gwiwar hannu na haura ƙoramar. Ƙaya, tsakuwa, kunyar doya, duk na bi ta kansu. Ban waiga ba. A bayana na ji an karya sandar eriyata, sannan na ji an tattaka na'urar sau ɗaya, ƙarar ƙarfe ta mutu nan take. Takun ya tsaya. Na ji wani dogon numfashi, ana shinshina iska.

Sai ya sake tahowa.

Fitilun titin Bida na hango ta tsakanin ganye. Na mirgina na faɗa kwalta, wata a-kori-kura cike da doya ta ci birki har tayarta ta taɓa rigata. Direban, wani Banufe mai suna Nma, ya fito zai zage ni, sai ya ga ƙafar, ya haɗiye zaginsa. Yana ɗaga ni ya dubi dawar da ke bakin titi, ya ga tana rabewa biyu. Bai tambaye ni komai ba. Ya jefa ni a kan doya ya taka mota, ko ƙofarsa bai rufe ba sai da muka wuce ƙofar jami'a.

Wata biyu na yi a asibiti. Likitoci suka ce ba su taɓa ganin ƙuna ta ci ƙashi ta bar tsoka a tsaye ba. Ƙafar ta shanye, da sanda nake tafiya har yau. Baba Irimiya na gaya masa komai a gadon asibiti. Bai ce ƙarya nake yi ba, bai ce gaskiya ba ne, ya dai koma gida ya kwance eriyarsa daga kan mangwaro, kuma har ya rasu bai sake kunna na'urarsa ba. Na mayar da lasisina. Lambar Basira ce a allon shagona, ita take amsa wa masu kawo gyara. Ko a ɗaurin aure aka miƙo mini lasifika in yi addu'a sai in kauce, mutane suna cewa Kamalu mai baki ya zama miskili.

Sau ɗaya na kusa mantawa. Bayan shekara biyu Basira ta kai Yasmin gidan kakarta a Zungeru, sai ga kira ya shigo wayar maƙwabcin shagona, ya miƙo mini ya ce iyalina ne. Ina tsakiyar aiki, hankalina yana kan wata talabijin, na karɓa na kai kunne, na ja numfashi zan yi sallama. Kafin muryar Basira na ji wata ƙara a layin. Sharr, sharr, a kan yashi, tana matsowa. Na yi jifa da wayar mutumin ta fashe a bango.

Shekara goma sha huɗu ke nan yanzu. Yasmin ta girma, tana karatun likita a Zariya, ƙafafunta biyu lafiya lau, kuma duk lokacin da na ga tana takowa sai in ji ban yi asarar komai ba. Na gaya mata labarin da ta kai shekara goma sha biyar. Ta saurara da ladabi, ta riƙe hannuna, ta ce Abba wannan firgita ce, akwai sunanta a littafi, kuma ana warkewa. Ban ga laifinta ba. Kullum da yamma tana kiran uwarta, Basira ta buɗe sifika ta ajiye wayar a kan tabarma, ni in zauna nesa kaɗan ina ji, hannuna a kan bakina.

Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ita a makaranta. Ta kira tana kuka, ba uwarta take nema ba.

"Abba, na san kana ji. Sannu kawai za ka ce mini. Kalma ɗaya, don Allah."

Na ciji hannuna har ya yi jini. Basira tana kallona tana hawaye, ita ma ban san ko har yanzu ta yarda da ni ba. Da asuba na ja sandata zuwa tasha, na yi awa bakwai a mota da ƙafar nan, na je na zauna a bakin gadonta na ce mata sannu.

A nan ne ta nuna mini takardar. Ta ci gurbin ƙaro karatu a Masar, shekara huɗu, bayan Sallah za su tashi. Tana murna, tana cewa yanzu dai dole in koyi amsa waya, don ba za ta iya shekara huɗu ba ta ji muryata ba. Na yi mata murna, na sa mata albarka. Sannan na fita bayan ɗakin na jingina da bango, don na san mota ba ta zuwa Masar, kuma na san matar nan tana nan tana jira.